Kwaɗo Biyu a Ƙofar Mayosis: Yadda Yis Mai Tsagewa Ke Sarrafa Rabuwarsa

Wata ɗaliba daga Agege, mai karatun digiri na biyu a fannin ƙananan halittu a nan Legas, ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina aiki da yis mai tsagewa, Schizosaccharomyces pombe. Na haɗa jinsin h+ da h- a farantin abincin haɗuwa na ME, na ajiye a kan benci kwana 3, na kara shi a tururin aidin, ko alamar baƙi bai yi ba. Ga shi kuma sunayen Pat1, Mei2, Mei3 da Mmi1 duk sun cakuɗe mini. Me ke sa wannan yis ya shiga mayosis, me ke hana shi, kuma daga ina matsalar farantina take?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Tambayoyinki biyu a haɗe suke, domin wanda ya gane tsarin, da ɗigon ruwa ɗaya a ƙarƙashin maikuroskof zai gane inda farantinsa ya tsaya.

Abin da zai warware miki cakuɗewar sunayen shi ne ki daina neman abin da ke "kunna" mayosis, ki nemi abin da ke danne shi. Mayosis dai shi ne rabuwa sau biyu da ke mai da tantani mai saitin kuromosom biyu ƙwayoyin iri 4 masu saiti ɗaya kowace, kuma ƙwayoyin irin ne ke yin baƙi a tururin aidin. Tantanin wannan yis, ko a lokacin da yake cikin ƙoshi yana ta rabuwarsa ta yau da kullum, yana da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na kayan mayosis a cikinsa. Kamar shago ne a kasuwar Mile 12 da kaya ke ciki amma an garƙame ƙofarsa da kwaɗo biyu. Kwaɗo na farko shi ne Pat1, yana riƙe da furotin Mei2. Na biyu shi ne Mmi1, yana lalata saƙonnin RNA na mayosis tun kafin su fita daga cibiyar tantani. Mei3 ne ke buɗe na farko, Mei2 da aka saki shi ne ke buɗe na biyu. Sauran bayanin duk rataye yake a jikin wannan.

Sai dai kafin a kai ga kwaɗo, akwai sharuɗɗa. Wannan yis ɗan sanda ne, tsawonsa maikuromita 7 zuwa 14, kaurinsa 3 zuwa 4, kuromosom ɗinsa 3 kacal, harufan DNA ɗinsa kimanin miliyan 13.8 kamar yadda aka wallafa a 2002. Rayuwarsa ta yau da kullum da saitin kuromosom ɗaya yake yin ta, wato hafloyid. Ba ya zama mai saiti biyu, wato difloyid, sai na ɗan lokaci bayan tantani biyu sun haɗe, daga nan kuma kai tsaye mayosis ya nufa. A nan ya bambanta da yis ɗin burodi, wanda ke haɗuwa cikin ƙoshi, ya zauna a difloyid iya son ransa, sai yunwa ta zo sannan ya yi ƙwayoyin iri. Ɗalibai da yawa da suka fara da yis ɗin burodi sukan ɗauko wancan tunanin su kawo nan, su yi ta mamakin abin da ya hana haɗuwa a kan abinci mai gina jiki.

Yunwa ce mafari, musamman yunwar naitirojin. Muddin akwai naitirojin, rukunin TORC1, wanda Tor2 ke jagoranta, yana aiki yana hana duk wani shirin haɗuwa. Muddin akwai gulukos da yawa kuma, makarɓin Git3 da abokinsa Gpa2 suna sa Cyr1 ya yi ta samar da sinadarin saƙo na cAMP, shi kuma cAMP ya tayar da Pka1, Pka1 ya danne Rst2. Da abinci ya yi ƙasa, waɗannan biyun suka yi sanyi, sai Rst2 ya samu sarari ya kunna ƙwayar gadon ste11, hanyar damuwa ta Sty1 da Atf1 ma ta sa hannu. Ste11 shi ne babban makunni. Yana zama a kan wani gajeren jerin harufa da ake kira akwatin TR, ya kunna ƙwayoyin gadon jinsi, da na sinadarin kira da makarɓansu, da mei2 kanta, har da tasa ƙwayar gadon, shi ya sa da ya fara hawa ba ya tsayawa a tsakiya.

Akwai sharaɗi na biyu da ake yawan mantawa: dole tantanin ya kasance a zangon G1, wato kafin ya kwafi DNA ɗinsa. Cikin ƙoshi wannan yis yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na zagayensa a G2, wato bayan kwafar DNA, G1 ɗinsa ɗan taƙi ne. Da yunwar naitirojin ta kama shi, sai ya rabu kamar sau 2 ba tare da ya ƙara girma ba, ya zama gajere mai kama da ƙwallo, sannan Rum1 da Ste9 su danne Cdc2, furotin da ke tura zagayen gaba, tantanin ya tsaya a G1. Dalilin wannan tsari a fili yake. Cdc2 mai ƙarfi yana liƙa wa Ste11 fosfet a wurin da ake kira Thr82, ya rage masa riƙon DNA, don kada tantanin da ya riga ya kwafi DNA ɗinsa ya je ya haɗe da wani. Saboda haka gajarta da kumburin tantani shi ne alama ta farko da za ki nema a farantinki.

Daga nan sai kira da amsawa. Jinsin h+, wanda ake kira P, yana fitar da sinadarin kira mai amino asid 23, makarɓin Mam2 da ke jikin h- ya karɓa. Jinsin h-, wato M, yana fitar da nasa mai amino asid 9 da aka liƙa wa jelar kitse, makarɓin Map3 ya karɓa. A ciki saƙon yana bin Gpa1 da Ras1 zuwa Byr2, Byr1, Spk1, ya dawo ya ƙara wa Ste11 ƙarfi. Tantanin biyu su miƙo baki wajen juna, Fus1 ya tara zaren aktin a wurin da suka haɗu, bango ya narke, su zama ɗaya.

To, a nan ne dabarar take. Ta yaya tantani zai san cewa ya haɗe da wani, ba yunwa da ƙanshin maƙwabci kawai yake ji ba? Gurbin jinsi na mat1 a tantanin P yana samar da Pc da Pi, a tantanin M kuma Mc da Mi. Pc da Mc su ne na shirin haɗuwa. Pi da Mi kuwa kowannensu rabin makunni ne, ba ya tsinana komai shi kaɗai. Sai bango ya narke sun samu kansu a tantani ɗaya sannan su haɗu su kunna mei3. Binciken ɗakin gwajin Sophie Martin a Lozan ta Suwizalan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa ba a ma jira cibiyoyin biyu su haɗe: Mi ne ke tsallakawa da sauri ya shiga cibiyar P inda Pi yake, a fara karanta mei3 daga can, kuma wannan hanzarin ne ke hana tantanin da ya riga ya haɗe sake haɗewa da na uku.

Mei3 ƙaramin furotin ne da ya yi kama da abin da Pat1 ke kamawa. Pat1 ya cafke shi da zaton abin aikinsa ne, sai ya maƙale. Shi kuwa Pat1 aikinsa a lokacin ƙoshi shi ne liƙa fosfet a jikin Mei2 a wurare 2, Ser438 da Thr527. Mei2 mai fosfet, Rad24 ne ke riƙe shi ya hana shi taɓa RNA, sannan Ubr1 ya sa masa alamar ubikwitin a kai shi a niƙe. Pat1 yana yi wa Ste11 ma haka a Thr173 da Ser218. Kin ga ke nan da Pat1 ya maƙale, abu biyu ke faruwa lokaci guda: Mei2 da ke nan ya tsira, Ste11 kuma ya ƙara samar da sabo.

Kada ki haddace wannan jerin, ki riƙe hujjarsa, domin ita ake tambaya a gaban kwamitin jarrabawa. A 1985 Paul Nurse a gefe guda, Iino da Masayuki Yamamoto a ɗaya gefen, suka bayyana nau'in yis da Pat1 ɗinsa ke mutuwa da zafi. Nau'in pat1-114 lafiya lau yake a digiri 25, amma a kai shi 34 sai ya faɗa mayosis ko da hafloyid ne, ko da a ƙoshe yake, ba tare da ya haɗe da kowa ba. A cire masa mei3, ba abin da ya canja, zai shiga. A cire masa mei2, ya tsaya cak. Wannan ya nuna Mei3 yana sama da Pat1, Mei2 yana ƙasa. Sannan idan aka canja wuraren fosfet biyun nan na Mei2 zuwa alanin, nau'in da ake kira Mei2-SATA, mayosis na farawa ko Pat1 na nan da ransa. Hafloyid da aka tura mayosis ta wannan hanya 'ya'yansa kusan duk matattu ne, lissafin kuma mai sauƙi ne: kuromosom 3 in an kwafe sun zama 6, ƙwayoyin iri 4 kuwa kowace tana buƙatar 3, wato 12.

Kwaɗo na biyu ya daɗe a ɓoye, sai a 2006 ɗakin gwajin Yamamoto a Tokyo ya bayyana shi. Wasu ƙwayoyin gadon mayosis, irin su mei4, rec8, ssm4 da spo5, ana ɗan karanta su ko a lokacin ƙoshi. Abin da ke hana su ɓarna shi ne saƙon RNA ɗinsu na ɗauke da wani yanki da ake kira DSR, inda gajeren jerin UUAAAC ko UCAAAC ke maimaituwa. Mmi1 yana gane wannan jerin, ya kama saƙon, ya miƙa shi ta hannun Red1 da Mtl1 ga injin niƙa RNA na cikin cibiya, wanda Rrp6 ke ciki. In aka cire mmi1, tantani yana galabaita ƙwarai, kuma cire mei4 tare da shi yana sauƙaƙa ciwon sosai, abin da ke nuna Mei4 da ya fito ba a lokacinsa ba shi ne babban mai laifin.

Yadda Mei2 ke kawar da Mmi1 abin sha'awa ne. Akwai gurbin sme2 a kan kuromosom na 2, wanda ke samar da wani dogon RNA da ba ya zama furotin, sunansa meiRNA, cike yake da jerin nan da Mmi1 ke so. Mei2 ya kama meiRNA, su taru a wurin su zama ɗigo ɗaya da ake iya gani ƙarara in an liƙa wa Mei2 furotin mai ƙyallin kore. Mmi1 ya ruɗu ya taru a wannan ɗigon, saƙonnin gaskiya su samu hanya su fice. In babu sme2, tantani zai kwafi DNA ɗinsa amma ba zai iya rabuwar farko ba. A ganinmu wannan shi ne sashen da ya fi cancantar ɗalibi ya zauna a kansa, domin yana koyar da cewa auna yawan karanta ƙwayar gado kaɗai ba ya gaya maka ko furotin zai samu.

Bayan an buɗe ƙofa, aiki na tafiya rukuni rukuni. Binciken Mata da Bähler da abokansu na 2002 ya nuna ƙwayoyin gado fiye da 1,000 ne ke tashi, a zango 4: na yunwa da kira a ƙarƙashin Ste11, na farko a ƙarƙashin Rep1 da Cdc10 da Res2 domin kwafar DNA da musanya, na tsakiya a ƙarƙashin Mei4 domin rabuwa biyun, na ƙarshe a ƙarƙashin Atf21 da Atf31 domin ginin ƙwayar iri. Kowane zango shi ke kunna makunnin na gaba.

Wajen kwafar DNA, kowane kuromosom ya zama tagwaye biyu manne da juna, kuma zoben da ke riƙe su an sauya masa ɓangare: Rec8 ya karɓi yawancin aikin da Rad21 ke yi a rabuwar yau da kullum. Ki bambanta kalmomi biyu tun yanzu. Tagwaye su ne kwafi biyu na kuromosom ɗaya. Takwarori su ne kuromosom na P da irinsa na M. Rabuwar farko takwarori take rabawa, ta biyu tagwaye.

Kafin a raba takwarori sai sun samu juna. A nan wannan yis ke yin wani abu da ba a mance shi in an gani. Bakunan kuromosom duka suna taruwa a turken da igiyoyin ja ke fitowa daga gare shi, ta hanyar Taz1 da Rap1 da Bqt1 da Bqt2 da suka haɗa su da Sad1. Sai injin dainin ya riƙa jan turken daga wannan ƙarshen tantani zuwa wancan, cibiya na biye da shi ta miƙe ta yi tsawo, har tsawon awa 2 zuwa 3. Ana kiran wannan zango wutsiyar doki, ɗakin gwajin Yasushi Hiraoka ne ya nuna a 1994 cewa bakunan kuromosom ke gaba a wannan tafiya. Tunda an ɗaure su a baki ɗaya ana ja, takwarori masu tsawo ɗaya sai su jeru kafaɗa da kafaɗa. Wannan yis ba shi da cikakken tsanin nan da ke ɗinke takwarori a yawancin halittu, sai wasu zarurruka da Rec10, Rec25, Rec27 da Mug20 ke ginawa.

Sannan Rec12, ɗan'uwan Spo11 na sauran halittu, ya yanka DNA da gangan a wurare da dama. Rad51 da Dmc1 su kai bakin da aka yanka cikin takwara domin gyara, Mus81 da Eme1 su warware mahaɗar, a samu musanyar guntaye, kimanin 45 a mayosis ɗaya a kan kuromosom 3 kawai. Amfanin musanyar bai tsaya ga gauraya gado ba. Ita ce ke ɗaure takwarori har igiyoyi su ja su ɓangarori biyu daidai. In babu Rec12, kowane takwarori biyu sa'a ce ta rabi da rabi su rabu daidai, ga kuma ukunsu, wato 1 cikin 8. Abin da ake samu a zahiri ya ɗan ɗara haka, saboda akwai wata hanyar agaji mai rauni, kuma yis ɗin yana jure ƙarin kuromosom na 3, amma ba ya jure na 1 ko na 2. Akwai shingayen bincike biyu a nan: Rad3 da Cds1 suna hana yanka DNA in kwafa ta tsaya, Mek1 kuma yana jinkirta rabuwar farko ta hanyar danne Cdc25 in gyara bai ƙare ba.

Shiga rabuwar farko aikin Cdc2 da abokin aikinsa Cdc13 ne, irin dai na kullum, sai dai Mei4 ne ke ɗaga Cdc25 domin a cire fosfet ɗin da Wee1 ya sa wa Cdc2 a Tyr15. Abin da ya keɓanta da mayosis a ƙugun kuromosom yake, wato santiromiya. Dole tagwaye su fuskanci turke ɗaya, wannan aikin Rec8 ne da ke tsakiyar ƙugun tare da Moa1 da Plo1. Dole kuma a yanke zoben Rec8 a hannuwan kuromosom domin takwarori su rabu, amma a bar na gefen ƙugu domin tagwaye su ci gaba da zama tare. Almakashin, Cut1, ɗaya ne, kuma ba ya yanka Rec8 da kyau sai Hhp1 da Hhp2 sun liƙa masa fosfet. Sgo1, wanda ɗakin gwajin Yoshinori Watanabe ya bayyana a 2004, yana zama a gefen ƙugu ya jawo PP2A, shi kuma ya riƙa goge fosfet ɗin. Almakashi ya zo ya wuce. Bayan rabuwar farko Sgo1 ya ɓace, a ta biyu a yanke ragowar.

Ana ganin wannan da ido in an sa ɗigon ƙyalli a ƙugun kuromosom na iyaye ɗaya kawai. A lafiyayyen yis, bayan rabuwar farko tagwayen masu ƙyalli suna cibiya ɗaya. In babu Rec8, sun rabu tun a farko, ɗaya nan ɗaya can. In babu Sgo1, rabuwar farko ta yi kyau, amma a ta biyu kusan rabin lokuta tagwayen su faɗa ƙwayar iri ɗaya, tunda babu abin da ya riƙe su har a jera su.

Tsakanin rabuwa biyun akwai wata matsala. Kafin Cut1 ya yi yanka, sai rukunin APC/C tare da Slp1 ya lalata Cut2 da ke riƙe da shi, amma wannan rukunin dai shi ke lalata Cdc13. In Cdc13 ya ƙare ƙaf, babu ƙarfin rabuwa ta biyu. Mes1, ƙaramin furotin da Mei4 ke kunnawa, shi ke shiga tsakani ya shagaltar da APC/C har a tsira da wani kaso na Cdc13. Wannan ragowar ce kuma ke hana a sake kwafar DNA a tsakani. Bayan rabuwa ta biyu sai Fzr1, wanda wasu ke kira Mfr1, ya share abin da ya rage. In babu shi, wasu tantanin sukan yi yunƙurin rabuwa ta uku. Fatar ƙwayar iri kuwa tun ana cikin rabuwa ta biyu take fara tohowa daga turke, Spo15 da Spo13 suna kafa tushenta, Meu14 yana jan bakinta har ta lulluɓe kowace cibiya. A ƙarshe a gina bango mai tauri, kuma wani sinadari mai kama da sitaci a jikinsa, wanda Mok14 ke haɗawa, shi ne ke kama aidin ya yi duhu. Wato aidin matakin ƙarshe kawai yake shaida. Rashin baƙi bai gaya miki a ina aka tsaya ba.

Yanzu ga farantinki. Ki ɗebo ɗan kaɗan da tsinke, ki dama a ɗigon ruwa, ki duba da gilashi mai ninki 40. In kin ga dogayen sanduna, wasu da layin tsagewa a tsakiya, yunwa ba ta kama su ba. Galibi abincin YES, mai gina jiki da aka rene su a kai, ne ya biyo su, ko an zuba musu ƙarin amino asid da yawa har suka mai da shi naitirojin. YES yana ɗaukar miligiram 225 a lita na kowane ƙari, amma abincin haɗuwa miligiram 45 ya isa. In kin ga gajeru masu kumburi amma babu waɗanda suka haɗe, yunwa ta yi, haɗuwa ce ba ta yiwu ba. In kin ga haɗaɗɗu masu lanƙwasa amma babu ƙwayoyi 4 a ciki, sai a koma ƙidayar cibiya: ki kashe su a barasar gwaji mai sanyi ta kashi 70, ki rina da DAPI, mai haska DNA. Cibiya 1 tana nuna an tsaya kafin rabuwar farko, irin abin da rashin mei2, mei3 ko mei4 ke jawowa. Cibiya 2 irin ta rashin mes1 ce. Cibiya 4 babu bango kuwa matsalar ginin fata ce, irin ta rashin ƙwayoyin gadon dangin spo.

Mu dai abin da muka fi zargi shi ne na biyun, kuma zafi ne. Kin ce a kan benci kika ajiye. Ana yin haɗin wannan yis a digiri 25, ya jure har 28, da an haura 30 yana raguwa sosai, duk da cewa girmansa na yau da kullum a 30 zuwa 32 ya fi kyau. Wannan ke ruɗar mutane: yis na ta girma, sai a ɗauka zafin ya yi masa daidai. A Legas, musamman Fabrairu da Maris, zafin rana na kaiwa wajen 33, ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ya sauka 25 ko da dare. Inkubeta ma ba lallai ta cece ki ba, domin yawancinsu ɗumamawa kawai suke yi. In ɗaki yana 30 kin saita ta a 25, tana nan a 30 ko sama. Ki nemi mai sanyayawa, ko ki sa ta a ɗakin da ke da sanyi dare da rana, ki jefa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki, domin ki san abin da ya faru da aka ɗauke wuta da tsakar dare.

Ki sake haɗin haka. Ki ɗebo kowane jinsi daga farantin YES na kwana 1, ba tsohon da ya kwana biyu a firiji ba, kowanne kamar kan ashana. Ki dama su tare a maikurolita 10 na ruwa mai tsabta, ki ɗiga a ME mai giram 30 a lita, ko a SPA, wani abincin haɗuwar, ki bari ɗigon ya bushe. Dole su cunkushe jiki da jiki, domin ba sa tafiya, kuma sinadarin kiransu ba ya nisa. Ki kife farantin, don raɓar da damshin Legas ke tarawa a murfi kada ta ɗigo ta wanke su ko ta kawo fumfuna. Kwana 2 zuwa 3 a 25. A farantin nan dai ki sa ɗigon h+ shi kaɗai, h- shi kaɗai, da nau'in 968, wato h90, wanda ke sauya jinsinsa da kansa ya haɗe da 'yan'uwansa. In h90 ya yi baƙi naki bai yi ba, abinci da zafi sun fita daga zargi, sai ki gwada kowane nau'inki da nau'ikan asali na Urs Leupold, 972 mai h- da 975 mai h+, domin ba sabon abu ba ne a tarar duka biyun jinsi ɗaya ne an yi kuskuren rubutu a kwalba. In kin ga 'yan ɗigon baƙi a h+ shi kaɗai kada ki damu, yakan koma h90 jifa jifa, h- na asali ne ba ya komawa. Aidin kuma ƙwayoyinsa ake nema, ba ruwan aidin na kemis ba. 'Yan ƙwayoyi a murfin faranti, a kife naki a kai kamar minti 1, a wurin da iska ke fita. Tururin yana kashe tantani, don haka ki ɗebi abin da za ki ci gaba da shi kafin ki kara.

In aikinki zai kai ga bin matakan awa bayan awa, haɗin faranti ba zai yi ba, domin kowane tantani da lokacinsa. Ana amfani da difloyid h-/h- mai pat1-114 a ɓangarorin biyu, a riƙe shi a difloyid da alamomin gado na ade6-M210 da ade6-M216, waɗanda sai an haɗa su biyun yis ke girma a abincin da babu adenin. A rene shi a ruwan abinci na EMM a digiri 25 har ya kai miliyan 2 zuwa 5 a mililita, a wanke sau 2 ko 3, a bar shi awa 14 zuwa 16 a EMM marar naitirojin domin ya taru a G1, a mayar masa da amoniyam kuloraid rabin giram a lita, a kai shi 34. Kwafar DNA wajen awa 2, yankan Rec12 tsakanin 3 da 4, rabuwar farko wajen 5, ta biyu wajen 6. Ki riƙa ɗiba duk rabin awa, ki ƙirga tantani 200 a kowane ɗiba. Amma ki san iyakarsa: digiri 34 yana rage musanya, kuma tunda babu saƙon sinadarin kira, tagwaye sukan rabu ba daidai ba a rabuwar farko. Ana rage wannan da sa mat-Pc a cikin nau'in, ko a koma pat1-as2, wanda ake kashe Pat1 ɗinsa da sinadarin 1-NM-PP1 a digiri 25 ba tare da zafi ba. Shi kuma pat1-114 kada ya taɓa kwana a bencin Legas: zafin ɗaki kaɗai ya isa ya raunana Pat1, yawancin tantanin su mutu, waɗanda suka tsira kuma sau da yawa masu lalatacciyar mei2 ko ste11 ne, sai ki wayi gari da nau'in da ba ya shiga mayosis ko an kai shi 34.